Saƙon Maista zuwa bayan katanga

Kuɗin guzurina tunkiyar inna ce, aka sayar da ita a kasuwar Jibiya. Na jirgi kuwa kamfanin Jamusawan da nake yi wa kanikanci ne ya biya. Lokacin arzikin man fetur ne, ana ta shimfiɗa titi, suka ce su tura wasunmu Balin mu koyo gyaran manyan injuna. Ku matso, ba zan yi ta ɗaga murya ba.

Balin ɗin nan gari ɗaya ne, amma an raba shi biyu da katanga, Yamma da Gabas, har da waya mai ƙaya da karnuka da sojoji a kan hasumiya. Ni abin dariya ya ba ni. Na tashi ina ganin kawuna yana kwana a Nijeriya, yana noma a Nijar.

Mai gidan da nake haya, wata tsohuwa, kullum faɗanmu a kan yaji ne.

"Me kake ƙonawa?"

"Miya ce, Hajiya."

Ba ta san me ake nufi da Hajiya ba, amma ta ƙi sunan har na bar gidan.

Shugaban garejinmu kuwa Maista ake ce masa, wato babban gwani. Sunana Lawali ya gagare shi, sai dai ya ce Lafali. Mutum ne mai tsawa, amma ranar da wasiƙa ta zo masa har waƙa yake yi. Ashe ɗiya gare shi a Gabas. Ranar da aka toshe hanya yana aiki a Yamma, ita tana wajen kakarta. Ta girma, ta zama malamar makaranta, shi kuma sunansa na cikin waɗanda aka hana shiga. Wasiƙun nan su kaɗai suka rage masa, su ma ta hannun wata gwaggo suke biyowa, don malama ba a son a ji tana hulɗa da Yamma.

Wata rana ya ja ni gefe.

"Lafali, kai baƙo ne, ana barinka ka shiga ka fito a yini. Ɗiyata za ta yi aure. Ka kai mata zoben uwarta."

"Shi ke nan? Ai ni ɗan kan iyaka ne, Maista."

Ya ce in sa zoben a yatsa, in ce yawon buɗe ido na zo. Na ji, amma a raina na ce Bature bai san yadda ake bi da ma'aikaci ba. A wajenmu, in ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya tare ka, wanda ya ce yawo ya zo shi ake zargi. Kai dai faɗi wanda ya aiko ka da gidan da za ka, sai a ce a gaishe su.

Da na isa gaban sojan da ke tsaron ƙofar shiga Gabas, na gaishe shi da kyau. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na gyara tsayuwa na ce saƙon maigidana na kawo. Na faɗi sunan Maista, na faɗi sunan ɗiyar, da unguwarsu, har da makarantar da take koyarwa, don ya san ba gidan banza za ni ba. Ya ɗauki biro yana rubutawa. Wallahi daɗi na ji, na zaci girmamawa ce.

Aka shigar da ni wani ɗaki, aka yi ta tambaya har la'asar. Suka karɓe zoben, suka maido ni ta ƙofar da na shigo.

Maista ya saurare ni har na gama. Na jira tsawa, ba ta zo ba.

"Har makarantar ka faɗa?"

"Har ita."

Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Bayan wasu watanni gwaggon ta aiko da saƙo: an cire yarinyar daga koyarwa, tana aiki a masaƙa, kuma ita yarinyar ta ce kada a sake rubuto mata. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har yau ina jin ta.

Na dawo Jibiya da takardar shaida da rediyo da kwat mai nauyi wadda ba ta da amfani a nan. Mutane suka yi ta zuwa barka. Ranar da zan taho daga Balin kuwa, Maista da kansa ya ce zai kai ni filin jirgi. Mun fito ƙofar gidansa, ya ce in ɗan jira shi. Ya buɗe akwatin wasiƙa, ya leƙa, ba komai, ya rufe, sannan ya ce mu tafi.