Yatsuna Sun Saki Kafin Bikin Zainab

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barkanki da aiki, ke da duk masu sauraro. Ni ce Hafsatu daga Koki.

Ban daɗe da tarewa ba yatsuna suka fara kumbura. Da safe sai su sandare, ko shafin littafin da nake karantawa ba na iya juyawa. Surukata ta ce sanyi ne, ta hana ni shan ruwan randa. Ni kuwa damuwata ɗaya: na yi wa ƙanwata Zainab alkawarin ni zan zana mata lallen amarci.

Da maigidana ya kai ni asibiti, likita ta ce, "Amarya, randa ba ta da laifi, amosanin gaɓoɓi ne. Sojojin da ke kare jikinki suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin. Naki sun yi yawa, suna ta cewa a kai wa gaɓoɓinki hari."

Na ce, "Likita, ashe irin 'yan aiken nan ne na littafi, masu haɗa masoya faɗa!" Ta yi dariya ta ce, "Maganin zai rage musu surutu, amma kada ki daina sha."

Alhamdulillahi, bayan 'yan watanni, makon jiya na zana wa Zainab lalle har gwiwar hannu. Da na gama, surukata da kanta ta ɗebo mini ruwan randa!

'Yan uwa, in gaɓoɓi suka kumbura, a je asibiti da wuri. A gaishe mini da amarya Zainab a Gwale.