Jar Riga a Bikin Kakan Euan

Shuyi: Alo, Yaya Wenjing? Ina kwana?

Wenjing: Lafiya lau, 'yar ƙauye. Kin ci abinci? Ya sanyin Dundee?

Shuyi: Da sauƙi. Ya yara?

Wenjing: Suna nan suna cinye ni. Me ya sami muryarki?

Shuyi: Ina ƙofar gidan su Euan. Yau zai nuna ni ga iyayensa, a bikin kakansa. Na sa jar rigata ta biki, na dafo taliyar fatan tsawon rai irin ta gida. Amma Yaya, duk wanda ya shiga baƙaƙen kaya ne a jikinsa.

Wenjing: Baƙi? To ai biki sai da baƙi.

Shuyi: Baƙaƙen kaya na ce!

Wenjing: Tsaya. Me ya ce miki sunan bikin?

Shuyi: "Celebration of life." Murnar rayuwa ke nan, ko? Irin wanda muka yi wa Kaka da ta cika tamanin.

Wenjing: Wayyo ni! Shuyi, tsohon nan yana da rai kuwa?

Shuyi: Ƙwarai! Yana asibiti, sai Euan ya turo mini saƙo cewa kakan ya yi "passed". Ya ci gwajin likitoci.

Wenjing: Ba jarrabawa ba ce, sakarya! Rasuwa ya yi. Haka suke faɗa, ba sa son kiran mutuwa da sunanta. Taron makoki kika je.

Shuyi: Na shiga uku!

Wenjing: Kina ji na? Me kika amsa wa Euan?

Shuyi: Na taya shi murna. Har da hoton hannuwa suna tafi.

Wenjing: Shi kuma fa?

Shuyi: Adireshi kawai ya turo. Tun ranar bai ƙara cewa komai ba. Na ɗauka hidima ce ta yi masa yawa.

Wenjing: Juya ki hau bas yanzu. Gobe ki ce zazzaɓi ya kama ki.

Shuyi: In taya shi murnar mutuwa, sannan in ƙi zuwa? Ai shi ke nan na rasa shi.

Wenjing: To uwarsa ta fara ganin ki da jar riga kamar amarya a gidan makoki?

Shuyi: Ga Euan can ya fito. Shi kaɗai. Yaya, idanunsa sun kumbura.

Wenjing: Ɓuya bayan mota!

Shuyi: Ya riga ya gan ni.

Wenjing: To ki yar da taliyar, ko ba komai...

Shuyi: Daga ganin sa bai ci komai ba. Yaya, maza, yaya ake gaisuwar mutuwa da Turanci?

Wenjing: Ki ce masa... alo? Ki ce...

Shuyi: Bari kawai. Ya miƙo mini hannu.