Ihuna Bai Ratsa Bangon Sito Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Sabo, ɗan kasuwar wake a Azare. Rannan na shiga sitona ba waya a hannuna, iska ta rufe ƙofar ƙarfen ta kulle, ga buhunan wake da aka sa wa maganin ƙwari. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya ji. Kaina ya fara juyawa, na yi salati, na dinga dukan wani duro. Maƙwabcina Alhaji Bello ya buɗe, ya ce, "Ban ji ihu ba, dum-dum ɗin nan ne ya ratso bango."

Don Allah masana, me ya sa ƙara mai kauri ke ratsa bango, siririya ta maƙale? Har yau in ƙofa ta bugu, sai gabana ya faɗi.