Gitar da Aka Aske wa Wuya

Tun rasuwar matata, a bakin kasuwar Petit Marché nake cin kopto, wato kwaɗon zogale, ina jin abin da bai shafe ni ba. Ranar nan wani tsoho ne ya tare wani saurayi da ya rungumo gitar.

"Samari, wa ya mutu? Wannan fuska fa?"

"Baba, dubi wuyanta! Na kai wa mai gyaran molo ya ɗaura mini tsirkiya ɗaya, sai ya cire ƙarafunan da ke raba gidajen yatsa a wuyan duka, ya goge wurin sumul. Wai zai raba ni da ciwon yatsa!"

"To ai gata ya yi maka. Molon kakanka da ƙarfe a wuya?"

"Gata? Da su na koya! Bafaranshen da ya bar mini ita cewa ya yi, yatsa a gida na uku, yatsa a na biyar. Ranar Asabar za a gwada ni a gidan rediyo. Ina gidajen yanzu?"

"Subhanallahi! Nasara ya tattara ya tafi, har yau sai ya ja muku layi? Kunnenka na mene ne?"

"Na dai sake zana gidajen da alli."

"Hannunka na zufa?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ka zaɓi gajeriyar waƙa."