Yadda Na Mayar da Inna Kan Gawayi

Salamu alaikum Anti, ki gaishe min da ƙawayena na Naraguta. Yau dai za ku yi min dariya!

Na ga bidiyo a waya, wai injinan da ke tura gas cikin bututu suna fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ai kuwa na tsorata Inna, ta koma gawayi, ƙofar kicin a rufe saboda sanyin Jos. Kwana uku tarinta ya dawo.

Maƙwabcinmu Oga Emeka, tsohon ma'aikacin bututu, ya ce, "Hayaƙin gaskiya ne, 'yata. Amma na gawayi ƙirjin Mama yake shiga." Da kansa ya sake haɗa mana silindar gas ɗinmu, tarin Inna ya lafa.

Oga Emeka, Allah ya saka! Masu sauraro, ku da me iyayenku ke girki?