Maganin Ƙanena a Hanyar Kakangi

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Sunana Hauwa'u daga Kakangi. Abin da zan faɗa, ko Innarmu ban iya gaya wa duka ba.

Ƙanena Sadiku yana jinyar ciwon daji. Likita ya ce duk ranar da zazzaɓi ya kama shi, kada mu jira, mu kai shi asibiti. Na kai shi Birnin Gwari, aka yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka ba mu na sha, aka ce mu dawo washegari.

A hanyar gida 'yan bindiga suka tare motarmu. Suka harbe direba, jininsa ya fallatsa a fuskar Sadiku. Ɗayansu ya zazzage jakata ya ga maganin. Na ce, "Don Allah, na yaro ne." Ya ɗora bindiga a kan Sadiku ya ce, "Mu ma muna da majinyata." Na sakar masa.

Ku tambayar mini likitoci, yanke maganin nan zai cutar da shi? Ni dai na goya shi mun koma Birnin Gwari gidan Goggonmu. Ba zan mayar da shi Kakangi ba sai ya warke.