Baba Tsatsa da Jininmu da Ke Cikin Firji

Ranka ya daɗe shugaban asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, Hajiya matar marigayi da 'ya'yansa, iyayenmu, da 'yan'uwana yara masu ciwon gaɓoɓi, assalamu alaikum. Ban saba magana a taro ba, ku yi haƙuri da ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Ummata da ke zaune can baya. Na san gwajin jinin da marigayi Likita yake mana ba zai warkar da ni ba. Bara na tambaye shi, ya ce, "'Yata, wannan ba magani ba ne. Awo nake yi saboda yaran da za su zo bayanku." Umma, na ga yadda kike murna duk ranar zuwa asibiti, shi ya sa na yi shiru.

Ya kasance yana yi mana bayani da wata tsohuwar ƙusa. Ya ce yadda tsatsa ke cin ƙarfe, haka wani abu ke cin jikinmu, kuma alamarsa yake nema a jini. Sai muka sa masa suna Baba Tsatsa. In ya ji, sai ya ce, "Marasa kunya, ku ne masu tsatsar, ni mai awo ne."

Ya kasance ba ya ɗibar jini sai ya tsoma hannuwanmu a ruwan ɗumi, don da safe yatsunmu ba sa miƙewa. Ya kasance ba ya kama mana hannu in zai gaishe mu, kafaɗa yake dafawa. Yau mutane da yawa sun matse mini hannu suna ta'aziyya.

Hajiya, mun cinye miki lokacinsa, ki yafe mana.

Jininmu yana nan cikin firjin ɗakinsa na asibiti, a ƙananan kwalabe. Na ji masu shara suna cewa za a kashe firjin, a mai da ɗakin wurin ajiyar kaya. In aka kashe, jinin ya lalace, duk allurar da muka sha ta tashi a banza. Ni dai tawa ta riga ta wuce, maɓallin rigar nan ma ƙanwata ce ta sa mini.

Na gode da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri.

Ran Litinin zan je ɗakin kamar kullum. Ko babu mai ɗibar jini, zan zauna kusa da firjin, wanda aka aiko ya kashe shi ya tarar da ni.